Lambar mota ta musamman da na yi wa Kawu, da yadda Garkuwa ya kusa zama Garuwa

Jama'a barkanmu da war haka. Tun ranar da aka ga sabuwar lambar motar Kawu mutane suka dame ni da tambaya, wai nawa aka yi ta, a ina, kwana nawa ta ɗauka, wani ma cewa ya yi don Allah in haɗa shi da mutumina. To ni ba ni da wani mutum, wanda na fara zuwa wajensa shi ne ya kusa sa ni kwana a bayan kanta, saboda haka bari in zauna in faɗi komai sau ɗaya kowa ya huta. Wanda ya ga zai iya ya je ya yi, wanda kuma ya ce asarar kuɗi ce wallahi ba zan yi musu da shi ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwar hatsi, irin mutanen nan da ba sa wasa da kwabonsu, in ka ci bashin naira dubu a wajensa zai tuna maka ko a wajen zaman makoki kuka haɗu. Amma tun da hakimin garinmu ya naɗa shi Garkuwa sai wani sabon Kawu ya fito. Alkyabba biyu, sanda mai kan azurfa, ga wani maroƙi da ya ɗauki kansa aiki a ƙofar gidan ba tare da kowa ya ɗauke shi ba. Mota kawai ta rage. Ranar wani ɗaurin aure a fada ya ga motocin sauran masu rawani a jere kowacce da sunan sarautar mai ita a goshi, tasa Highlander ɗin kuma da lambar kowa da kowa, har wani dogari da bai gane ta ba ya ce wa direba ya matsa can baya wajen 'yan rakiya. A daren nan ya kira ni a waya, ko sallama bai gama amsawa ba ya ce "kai ɗan boko, gobe ka nemo mini lambar nan." A danginmu duk aikin da ke da fom a ciki nawa ne, laifina kawai na yi difloma.

Ga wanda bai taɓa lura ba, lambar mota a Najeriya launin rubutunta ne ke gaya maka ko wace iri ce. Shuɗi na masu zaman kansu, ja na haya, su tasi da bas da tirela, kore na gwamnati irin masu FG ɗin nan da na jihohi da ƙananan hukumomi, baƙi kuma na sojoji. Haruffa uku na farko a lambar gama-gari ƙaramar hukumar da aka yi rajista ce, shi ya sa in ka ga KMC ko NSR ko FGE ka san Kano ce tun kafin ka karanta kirarin jihar da ke jiki. Tsarin nan tun 1992 ake kansa, sai a 2011 lokacin da Osita Chidoka yake shugaban 'yan rod sefti aka sabunta aka sa taswirar Najeriya a bayan rubutun, masu shekaru za su tuna irin hayaniyar da aka sha a kan kuɗin canjin. Sannan akwai na manya, CD na jami'an diflomasiyya, CC na ƙananan jakadu, masu NASS na 'yan majalisar tarayya. Duk waɗannan muƙami ne ke ba ka su. Sai kuma wadda ake ce wa fansi, ita wannan aljihunka ne ke ba ka, ko sunan kyanwarka kake so a rubuta in dai ba zagi ba ne kuma wani bai riga ka ba. To lambar Kawu a nan take. A idon doka lambar mai zaman kansa ce zalla, sunan ne kawai ya sha bamban. Wannan maganar na yi ta maimaita masa har yau bai gama yarda ba.

Yanzu ga inda na tafka tawa wautar, kuma ba zan ɓoye ba. Kawu ya ba ni dubu 250, ni kuma shaiɗan ya raɗa mini cewa in na samu mai sauƙi canjin nawa ne. Wani abokina ya ce ya san wani mai shago a layin masu kayan gyaran mota, yana yin sitika, yana sa wa gilashi tinti, yana yanka makulli, kuma wai "yana da hanya a ciki." Ba zan faɗi sunan shagon ko garin ba, amma duk wanda ya san irin layukan nan ya san irinsa, ɗan ƙaramin shago mai janareta a ƙofa da lambobi rataye a bango kamar kilishi. Ina zama ya miƙo mini wayarsa yana ta shafa hotuna. "Alhaji wacce kake so? Akwai ta gwamnati, akwai ta majalisa, akwai SPY, in CC kake so ma kwana biyu ne." Haka fa, kamar mai tallan atamfa.

A nan ya kamata in tashi in kama gabana. SPY ɗin nan asalinta ta 'yan sandan kamfani ce, waɗanda bankuna da manyan kamfanoni ke ɗauka a horar musu don gadi, sai kowane mai kuɗi ya mayar da ita rigar tsallake shinge, har a 2022 Sufeto Janar na 'yan sanda Usman Alkali Baba ya haramta amfani da ita gaba ɗaya. Ita kuma CC abin ya fi ban dariya. Na tambaye shi wace ƙasa zan ce ina wakilta, ya ce "ai ba mai tambaya, ka ce kai jakadan girmamawa ne." Shi jakadan girmamawa abu ne na gaske ba ƙarya ba, ƙasa ce za ta ga ba ta da ofishi a wani gari amma tana da 'yan ƙasa ko harkar kasuwanci a can, sai ta zaɓi wani sananne a garin, yawanci attajiri, ta ba shi muƙamin ƙaramin jakada, galibi ba albashi, yana ci gaba da kasuwancinsa yana ɗan taimaka musu da takardu da baƙi. Sai ƙasar da yake zaune ta amince da shi tukuna, kuma lamba irin tasu ta ma'aikatar harkokin waje take biyowa ba ta layin masu yanka makulli ba. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ma da ta tsara harkar, kariyar da ta ba irin wannan jakadan a kan aikin ofishinsa take kawai, in ya buge mutum da mota ko ya ci kuɗin wani kotu zai je kamar ni da kai. Amma da yake jami'in da ke tsaye a rana ba shi da lokacin bambancewa, haruffa biyun nan suna aiki kamar laya, shi ya sa ɓata-gari suke son su a duk duniya. A Nuwamban 2022 ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta ICIJ da ProPublica ta Amurka sun fitar da rahoto cewa aƙalla irin waɗannan jakadun 500, na da da na yanzu, an zarge su da laifuka ko sun shiga wata badaƙala. Waɗannan fa na gasken ke nan masu takarda, ina ga wanda aka buga wa tasa kusa da mai faci.

Ni dai na ce sunan sarauta kawai nake so, GARKUWA 1. Ya ce dubu 85 har da takarda. Na yi tiransifa a take, ina ta lissafin abin da zan yi da sauran a zuciyata.

Bayan kwana uku ya kira na je na karɓa, an naɗe su a tsohuwar jarida an ɗaure da kyauro, ni kuma don ɗoki ban buɗe ba na wuce gidan Kawu kai tsaye. Na tarar da shi a falon baƙi bayan la'asar da mutane kusan goma, ga maroƙin nan a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce "ranka ya daɗe ga saƙon." Ya sa aka kira yaran gida ma su gani. Ya warware jaridar da hannunsa ya ɗaga sama yana murmushi yana nuna wa mutane, shi bai kalla ba tukuna. Falon ya yi tsit. Sai wani jikansa ɗan aji uku da ya fara iya haɗa baƙi ya karanta da ƙarfi, "GA-RU-WA wan!"

GARUWA 1. Babu K.

Jama'a na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙari ba ne. Wani dattijo ya fara tari na ƙarya, wani ya miƙe wai zai yi alwala alhali yanzu aka idar da sallah, maroƙin da ya riga ya buɗe baki zai fara kirari ya haɗiye abinsa. Kawu ya juyo da lambar ya daɗe yana kallo sannan ya ce a hankali, "ɗan nan, ruwa nake sayarwa a garin nan?" Da na koma shagon a fusace mutumin ko a jikinsa, wai K ɗin ce ta faɗi a kwamfuta, kuma in ƙara dubu 10 kuɗin kayan aiki tunda ƙarfen farko ya lalace. Na biya don ba ni da fuskar komawa hannu rabbana. Ya sake bugawa daidai, muka ɗaura, ni kuma na jefa masu GARUWA a but ɗin motata na manta da su.

Sati uku muna fantamawa. Sai ranar da muka tafi biki wata jiha, ni a gaba kusa da direba Kawu a baya ya sha rawani, 'yan rod sefti suka tsayar da mu. Kuma gaskiya ɗaya ce, jami'in nan bai yi mana rashin mutunci ko kaɗan ba, ya sara ya ce "ranka ya daɗe barka da hanya," ya zagaya gaba ya ɗan ƙwanƙwasa lambar da farce, ya zaro wayarsa ya danna. Hukumar tana da shafin tantance lamba a intanet, na NVIS, kowa ma zai iya shiga ya rubuta lamba ya ga ko tana da rajista da irin motar da aka ba wa, ni ɗan bokon gida ban taɓa gwadawa ba. Ya juyo mini da fuskar wayar. Babu ita. Na zaro takardar da mai shago ya ba ni, ya kalla ya kalle ni ya ce "malam wannan ko hatimin ma a karkace yake." Abin da ya cece mu tsofaffin lambobin na asali suna cikin motar da takardunsu cikakku, suka kwance na bogin suka riƙe, aka rubuta mana tara muka biya ta Remita, bayan na yi kusan awa biyu ina ba da haƙuri ina rantsuwa cewa cutata aka yi. Jami'in ma ya ce mini da motar sata ce ko wani laifi aka yi da ita da wannan lambar da yanzu wani zancen ake. Duk tsawon lokacin Kawu yana zaune a bayan mota gumi yana bin rawani, bai ce uffan ba. Sai da muka dawo gida da daddare zan yi masa sai da safe ya ce "tsaya, canjin nawa ka ci?"

To daga nan aka koma hanyar gaskiya, kuma a nan ne ainihin abin da masu tambaya suke son ji. Ofishin rajistar motoci na jiharku za ka je, wanda ke ƙarƙashin hukumar tara haraji. Ni an nemi takardar kwastan ta motar, takardar mallaka, inshora, lasin ɗin mota, lambar NIN ta mai motar da hotonsa, da wasiƙar neman sunan da kake so, kuma da yake sunan sarauta ne matar da ta karɓi fayil ɗin ta ce in kawo takarda daga fada mai nuna cewa shi ɗin ne Garkuwa, wanda ni na ga daidai ne, in ba haka ba gobe wani ɗan daba ya buga Waziri a Golf ɗinsa. Kuɗin kuma a nan Kawu ya kusa faɗuwa. Tun 2021 farashin fansi dubu 200 ne, sai hukumar haɗin gwiwa ta haraji wato JTB ta ƙara daga ranar 8 ga Yunin 2025 ya koma dubu 400, lambar gama-gari kuma daga 18,750 ta koma dubu 30. Mu kuma bayan ƙarin muka je. Wato lambar Kawu ɗaya kuɗin lambar motoci goma sha uku ne da 'yan kai. Da na faɗa masa sai da ya lissafa shi da buhunan masara, ya yi shiru, sannan ya ce a yi, don yanzu abin ya zama na kare mutunci, duk gari an ji labarin shingen.

Kuɗin a banki ake biya a kawo rasit, kar ka yarda ka damƙa wa kowa a hannu. Ina faɗin haka ne saboda tun daga bakin get za ka haɗu da 'yan cuwa-cuwa, wani har da katin wuya kamar ma'aikaci, "yallaɓai lamba ce? zo in taimaka maka," in ka bi shi shagon da na baro zai mayar da kai ta bayan gida. Ka wuce su kawai ka shiga ciki ka tambayi teburin da ya dace.

Cikin ofishin kuma sai haƙuri. Fanka ɗaya ce ke aiki, benci biyu mutum arba'in, kuma kalmar da na fi ji a sati bakwai ɗin nan ita ce "babu sabis." An ce mini sati biyu, ya zama bakwai. Na je sau shida. Yau oga ya tafi taro, gobe fayil yana sama ba a sa hannu ba, jibi an tura amma ba a dawo da shi ba. Wani ɓangare na jinkirin na gane ba daga su ba ne, don jiharmu ba ita ke buga ƙarfen ba, tura buƙata take yi masana'antar hukumar rod sefti, suna da ita a Gwagwalada da Awka da Legas, kuma tunda fansi ɗai-ɗai ake yinta ba kamar gama-gari da ake bugowa jibgi ba dole ta jira layi. Amma abin da ya ƙona mini rai ba mai kiranka ya ce ta iso ko ba ta iso ba, sun karɓi lambar wayata sau uku a fom uku ba a taɓa kira ba, sai ka ƙona mai ka je a ce ka dawo Litinin. Mutumin da ya biya dubu 400 ai ko tes ɗaya ya ci a tura masa.

Sai dai dole in yaba wa Hajiyar nan ta teburin karɓar fayil, Allah ya saka mata. Ba ta nemi ko na goro ba, ita ta nuna mini inda inshorar Kawu ta kusa ƙarewa ta ce in sabunta tun kafin fayil ya hau sama a dawo da shi. Da na ba ta labarin GARUWA ta yi dariya har da hawaye tana goge ido da gefen mayafi, sannan ta miƙo mini biro ta ce "ɗana rubuta shi da manyan baƙi sau uku, ka ja layi a ƙarƙashin K ɗin." Ranar da lambar ta iso kuwa a gabanta na kwance ledar, na karanta harafi-harafi da yatsa kamar mai biya allo, na shiga shafin tantancewa a tsaye a wurin na ga ta fito da sunan motar, sannan na sa hannu.

In ka ajiye ta gaske kusa da ta bogi ko makaho ya shafa zai bambance. Ta gasken haruffan a turo suke daga cikin ƙarfen, tana da ɗan nauyi, da daddare in fitila ta haska ta sai ta ɗau ido, tuta da taswirar suna cikin jikinta ne. Ta shagon kuwa gwangwani ne mara kauri aka manna masa leda, ruwan sama biyu gefen ya fara ɗagowa, abin da jami'in nan ya ji da farcensa ke nan. Ban ce ta gasken ba ta koɗewa ba fa, duk mun ga motoci masu lambar da rana ta cinye ta zama fari fat, har a farkon 2025 babbar kotun tarayya a Legas ta yanke cewa bai kamata a ci tarar direba don lambarsa ta koɗe ba. Tamu dai zuwa yanzu tana nan garau, na hana yaron da ke wanke motar goga ta da omo da soso.

Jimilla in aka haɗa dubu 400 da ƙananan kuɗaɗen jiha da sabunta takardu da man zirga-zirga, da dubu 95 da na zubar a shago, da tara, abin ya haura dubu 550. Dubu 95 ɗin daga aljihuna aka cire a hankali a hankali, Kawu ba ya mantuwa na gaya muku.

To tana aiki? Ya danganta da aikin da kake so ta yi. A ƙofar fada yanzu dogarai da gudu suke buɗe masa hanya, masu gadin ma'aikatu suna sarawa, a wajen biki ana ajiye masa wurin fakin a inuwa. In wannan kake nema ka samu. Amma ba ta hana a tsayar da kai a tambayi takardu, ba ta ba ka ikon bin hannun da ba naka ba, ba ta ba ka jiniya. Kawu ya so in sayo masa kuben fata irin wanda ake rufe lamba da shi, na ce a'a ranka ya daɗe wannan kam ba da ni ba. Asalin rufewar nan ta manyan hafsoshin soja ce, motar janar tana da faranti mai taurari, in ba ya ciki sai a rufe don kada a yi ta sara wa direba, shi ke nan fa, sai 'yan siyasa da masu kuɗi suka ara suka yafa har kansila ma yana rufe lamba. Laifi ne kuma ana kamawa. Kuma ni ban ga hikimar ka biya dubu 400 a rubuta sunanka sannan ka saya masa hula ka rufe ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana kuma shi ne kuɗin da lambar take ci bayan an ɗaura ta. Bakanike ya ga GARKUWA 1 kuɗin aiki ya ninka. Mai faci da yake karɓar ɗari biyar yanzu "ranka ya daɗe duk abin da ka bayar" yake cewa, wanda kowa ya san ya fi tsada. A danja maroƙa da sunan sarautar suke kiransa tun daga nesa, ba damar ya yi kamar bai ji ba. Sannan duk inda ya yi fakin labari ya riga shi isa gida, ranar nan uwargida ta tambaye shi me ya kai shi wata unguwa da azahar, ashe wata ƙawarta ce ta ga motar. Mafi muni kuma maganar tsaro, a halin da hanyoyinmu suke ciki ba kowa ke son mota mai shelar cewa akwai mai rawani a ciki ba. Yanzu in tafiyar nesa ce ta kama, musamman hanyar ƙauyukan da yake sayen hatsi, tsohuwar Sharon ɗin yaransa yake hawa ya sa hula ƙube kamar kowa, Highlander da lambarta suna gida a rufe da tamfol.

Akwai wani maƙwabcina da muke ce wa Baba Saje, ɗan mazan jiya ne, yana cikin sojojin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da aka kai Laberiya a 1990, daga baya ya yi Saliyo, har yau akwai ɓarɓashin ƙarfe a ƙafarsa ta hagu yana ɗingishi in sanyi ya shigo. Yana da wata tsohuwar Golf mai jan lamba yana ɗan jigilar fasinja da ita, a gilashin baya akwai sitikar ƙungiyar tsofaffin sojoji da rana ta gama cinyewa. Ranar da na kawo motar Kawu ƙofar gidana ya zo ya tsaya yana kallon lambar hannu a baya, ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya ce "tabɗi." Sai na ba shi labarin da ɗan yayata da ke zaune a Houston ya ba ni, cewa a can Amurka jihohi suna yi wa tsofaffin sojoji lambar mota tasu ta daban, musamman masu lambar yabo ta Purple Heart da ake ba wanda aka ji wa rauni a fagen daga, wadda suke bayarwa a wannan sigar tun 1932. Ba kuɗi ke saya maka ba, takardar sallama daga soja da shaidar lambar yabon za ka kai, in babu ko kai waye ba za a ba ka ba. A Texas mai irin wannan lambar ko kuɗin mitar fakin na gari ba ya biya, kuma yaron ya ce ya sha ganin mutane su tsaya a gidan mai su gaisa da tsoho don sun ga abin da ke jikin motarsa. Su ma suna da ta gayu irin ta Kawu da ake biya, amma ba a haɗa su a layi ɗaya.

Baba Saje ya saurara har na gama, ya ɗan buga ƙafar da sandarsa ya ce "ɗana tawa lambar ai ga ta nan, ni dai a riƙa sakin fansho a kan lokaci ya fi mini." Mu a nan sai 15 ga Janairu ta zo a tuna da su, a maƙala ɗan bajo a ƙirji a ajiye furanni a saki tattabaru, washegari kowa ya kama gabansa. Ban ce masa komai ba, don a ranar ni ne na yi sati bakwai ina safa da marwa saboda a rubuta sunan mai sayar da masara a gaban mota, kuma shi ne ma ya taya ni riƙe fitilar waya ina ɗaure kusoshin.

In maki ake so, shagon layin kayan gyara sifili, in akwai ƙasa da sifili a ba shi. Ofis uku cikin biyar, kuma ɗaya daga cikin ukun na Hajiya ne ita kaɗai. Ita kanta lambar wajen inganci huɗu. Ko ta cancanci kuɗinta kuwa, Kawu ya ce eh, ni da zan samu dubu 400 yau taya huɗu zan canja in biya kuɗin makarantar yara.

Su kuma masu GARUWA ɗin, ina share but kwanaki na ci karo da su, mai kawo mana ruwa yana tsaye yana sauke jarkoki, wani yaro ɗan Nijar mai fara'a. Ya karanta ya ce "Alhaji wannan ai tawa ce," na ce ɗauki. Ya huda su ya ɗaure da waya, ɗaya a gaban kurarsa ɗaya a baya, yanzu duk unguwa Garuwa Wan ake kiransa har ya ce ciniki ya ƙaru. Abin da nake roƙo kawai kada Allah ya haɗa shi da Kawu a hanya ɗaya, na riga na ce masa layin fada ba nasa ba ne.